Ƙurar Bakin Hantsaki

A gidanmu Mai Tsatsa muke ce mata, kuma ni na laƙaba mata sunan. Yayata ce, uwa ɗaya uba ɗaya, ita ce ta fari, ni ne auta. Ranar da ta dawo gida da babban digirinta na kimiyya, Umma ta tambaye ta, to yanzu mene ne aikin? Ta gyara zama ta fara bayani, wai ƙarfe idan ya haɗu da iskar da muke shaƙa yakan zama wani abu dabam, wannan abin shi take shimfiɗawa siriri-siriri a kan dutse tana nazarin halinsa.

Na ce, "Yaya, ƙarfe ya haɗu da iska ai tsatsa ke nan. Duk shekarun nan tsatsa kika je karantowa? Da kin faɗa, da na ba ki tsohon keken Baba kin huta da tafiya."

Ta jefe ni da takalmi, ta kuwa same ni, don ba ta taɓa yin kuskuren saiti ba. Sunan dai ya bi ta, har 'ya'yanta yanzu idan suna son tsokanarta haka suke kiranta.

Gajeriyar mace ce mai saurin tafiya da babbar murya. Ba ta sa ɗan kunne, ba ta ɗaura agogo, ba ta maƙala allura a mayafi, saboda ɗakin da take aiki ba ya son ƙarfe. Idan ka buɗe jakarta za ka tarar da bututun shan lemo rututu, ita kuwa ba ta shan lemo. Gardama a jininta take. Na taɓa ganin ta tsayar da mai sayar da katifa a kan cewa inci shida da ya faɗa bai kai shida ba, aka kawo awo, ita ce da gaskiya. Mijinta, malamin lissafi ne mai sanyin hali, ya daɗe da gano cewa zaman lafiya da ita abu ne mai sauƙi: kada ka ce ka tabbata idan ba ka tabbata ba.

Babanmu mai gyaran agogo ne. Shagonsa yana ƙarƙashin matakalar wani dogon bene, ɗan lungu ne da mutum biyu ba sa iya wuce juna a cikinsa sai ɗaya ya matse ciki. Teburi mai koren kyalle, fitila mai dogon wuya, gilashin da yake maƙalawa a ido ɗaya, da allo mai ƙusoshi inda agogai suke rataye kowanne yana faɗin nasa lokacin. Yana da doka: agogon da ya yi daidai farat ɗaya bayan gyara ba a miƙa wa mai shi. Sai ya rataye shi a ƙusa, yana aiki yana satar kallonsa. Mai agogo ya yi ta zarya yana ƙorafi, Baba ya ce, "Wanda ya ba ni wahala na san ciwonsa. Wannan da ya yi ladabi da wuri shi nake tsoro."

Cikin kayan aikinsa akwai hantsaki da yawa, amma ɗaya ne ɗan gata. Siriri ne, fari sol, bakinsa kamar na sauro, kuma maganaɗisu ba ya kama shi. Wannan babban abu ne a wurin mai gyaran agogo, don a zuciyar agogo akwai wani siririn zaren ƙarfe mai naɗewa da warwarewa, idan ya ɗauki maganaɗisu sai ya manne da kansa, agogon ya riƙa sukuwa. Baba yana da wani baƙin mayen ƙarfe da ya ciro daga tsohuwar rediyo. Idan baƙo ya zo yana son burge shi, sai ya kara sauran hantsakan su manne, ya kara ɗan gatan ya zame ya faɗo. Ya yi wannan wasan a gabanmu har muka haddace inda zai ɗaga gira.

Mu duka mun zauna a gefen teburin nan. Gwajin da yake yi mana shi ne ka ɗauki sukurun da bai kai ƙwayar yashi ba, ka sa shi a raminsa ba tare da ya yi tsalle ba. Yaya tun tana ƙarama take yi, ta riƙe numfashi, ta kafa ƙaramin yatsa a kan teburi, ta ajiye shi kamar da ma can yake. Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Ni ma ina da hannu, kada wani ya gaya maka ba haka ba, zuciya ce take gaba da hannun nawa. Ranar da Yaya za ta tafi karatu, Baba ya naɗe ɗan gatan a kyalle ya sa mata a tafin hannu, ya ce, "Uwata, duk inda za a taɓa ƙaramin abu, za ki neme shi." Ni da na zauna na gaji shagon, na mai da shi wurin gyaran waya lokacin da kasuwar agogo ta ja baya, sauran tarkacen aka bar mini. Abin ya ci mini rai, kuma ban ɓoye ba.

Aikin nata, kamar yadda ta cusa mini shi a ka da ƙarfin tsiya, ga yadda yake. Wayoyin da nake gyarawa da gudun lantarki suke aiki, wuta ta wuce ko ba ta wuce ba. To ashe kowace ƙwayar lantarki, ban da gudun da take yi, tana da wani juyi nata wanda ya mai da ita ɗan mitsitsin maganaɗisu mai fuskantar sama ko ƙasa. Idan aka iya sarrafa wannan fuskar, ana iya ajiye bayani a cikinta, na'ura ta riƙa tunawa ko an kashe ta, ba tare da ta zuƙe batir ba. Ni da nake wuni ina sauraron kukan masu batir, wannan ɓangaren na gane shi da wuri.

Tsatsa iri biyu take shimfiɗawa, ɗaya a kan ɗaya. Ta ƙasa mai taurin kai ce, ƙwayoyinta sun jeru ɗaya sama ɗaya ƙasa sun kashe ƙarfin juna, ka kawo maganaɗisu kusa ko kallonsa ba za ta yi ba. Ta sama kuwa duk inda aka ja ta nan take nufa. Amma idan aka haɗa su fuska da fuska aka sanyaya su a gaban maganaɗisu, sai ta ƙasa ta riƙe wa ta sama ƙafa. Daga nan ta sama ta sami gefen da ta fi so, juya ta zuwa ɗaya gefen ya zama sai da ƙarin ƙarfi. Wannan riƙon da ke tsakanin shimfiɗa biyu shi ne sana'ar Yaya. Na ce mata ai wannan labarin aurenta ne, ta ce in faɗi wace ce ita a ciki in ina da ƙarfin hali.

Matsalar ita ce tsatsar da take aiki da ita sai cikin matsanancin sanyi take nuna wannan hali, sanyin da ke mai da iska ruwa. Da ta dawo zafin ɗaki sai ta yi gum, kamar ba ita ba. Ba wanda zai saka waya a cikin tankin sanyi kafin ya kira matarsa. Don haka burin Yaya guda ne, ta ga abin ya yi magana a zafin ɗaki. A kan wannan ta yi furfurarta ta farko.

Na sha zuwa ɗakin binciken nata, yawanci don an aiko ni da saƙon Umma. Yana ƙasan bene, babu taga. A bakin ƙofa akwai kwando inda kowa yake zube makulli, agogo da katin banki, abin dariya a ce 'yar mai gyaran agogo ta ƙare a ɗakin da aka hana agogo shiga. Daga ciki akwai wata ƙatuwar tukunyar ƙarfe mai tagogin gilashi, an zuƙe mata iska, famfo yana ta gurnani a ƙarƙashinta. A cikinta take ɗora ɗan guntun dutse, bai kai farcen ƙaramin yatsa ba, ta gasa shi har ya yi ja. Sai ta harba haske mai ƙarfi a kan wani dunƙulen tsatsa, wani shuɗin hayaƙi ya tashi ya sauka a kan dutsen. A allon kwamfuta akwai ɗigon haske mai dushewa yana dawowa, kowace dawowa shimfiɗa ɗaya ce ta ƙwayoyin zarra. Tana ƙirgawa da leɓe, idan ka yi mata magana a lokacin ka sayi faɗa.

A wani ɗakin kuma akwai ma'auni, dogon inji kamar firiji biyu a haɗe. Shi yake jin maganaɗisun da bai kai a ce akwai shi ba. Abin da ya fi ba ni dariya, duk girman injin nan da alfarmarsa, da bututun shan lemo ake zura masa samfuri, saboda roba ba ta da abin faɗa. Idan babu komai a samfurin, layi miƙaƙƙe yake zanawa a allo. Idan akwai, layin ya buɗe ya zama madauki. Duk tafiyar da guntun dutse zai yi a tsakanin ɗakunan nan, daga akwati zuwa tukunya, daga tukunya zuwa madubin ƙara girma, daga nan zuwa bututu, a bakin hantsakin Baba yake yinta. Sauran ma'aikatan da na roba suke amfani, don doka ce kada ƙarfe ya taɓa samfuri. Yaya ta ce na roba cokalin jarirai ne, yana zamewa, ya sa ta yi asarar samfuri mai kyau. Ta ɗauko maganaɗisu mafi ƙarfi a ɗakin, ta yi musu wasan Baba, hantsakin ya zame ya faɗo. Aka ƙyale ta.

Wata shekara ta canja dutsen da take shimfiɗa a kai. Ta koma wani farin dutse mai tauri, ɗan'uwan jajayen duwatsun nan da ake dasawa a cikin agogo don ƙarfe ya yi ta juyi a kansu ba su cinye ba. Ba a daɗe ba sai ga madauki ya buɗe a zafin ɗaki. Ƙarami ne, amma ga shi nan. Ta sake wani samfurin, ya buɗe. Ta auna dutsen tsirara wanda ba a shimfiɗa masa komai ba, ya ba ta layi miƙaƙƙe. Ta kai labarin babban taron masu wannan fanni, aka tafa mata, aka buga sakamakon da sunanta a gaba.

Ranar da ta zo gaya wa Baba, a lokacin idonsa ya riga ya yi rauni ya bar zuwa shago, ta durƙusa a gaban kujerarsa ta ce, "Baba, da hantsakinka aka yi shi." Tsohon nan bai bar kowa ya huta ba. Mai kawo madara ya ji, likitan ido ya ji, abokansa na benci a ƙofar gida sun ji har sun gaji. Cewa yake yi hantsakinsa ya shiga inda shi bai shiga ba. Ni ma na yi murna, Allah ya sani, ko da yake duk sanda ya ce "hantsakina" sai na ji wani abu ya ɗan soke ni.

Sai wata abokiyar aikinta a wata jami'a ta bi girkin Yaya daki-daki, dutse iri ɗaya, zafi iri ɗaya, kauri iri ɗaya, ta sami layi miƙaƙƙe. Ta sake, haka. Mutane suka fara cewa ai abin hannu ne, Mai Tsatsa tana da hannu. Da wata ce ta ji haka, da ta fasa kai. Yaya kuwa abin ya tsaya mata a wuya, ta ce kimiyyar da sai hannun mutum ɗaya take yi wa aiki ba kimiyya ba ce, tsafi ne. Ta fito da duk samfuranta ta jera su. A nan ta ga abin da ya hana ta sukuni: ƙarfin madaukin ba ya bin kaurin shimfiɗa. Samfuran da ta fi so, waɗanda ta yi ta ɗauka tana juyawa tana kai su wannan inji da wancan, su suka fi magana. Waɗanda ta yi watsi da su da ƙyar suke motsa baki.

Ta zo shagona da rana tsaka, ta kori wani mai waya mai fasasshen allo daga kan benci ta zauna.

"Auta, ina son hannunka ranar hutu."

"Yau kuma ni ke da hannu?"

"Bar wannan. Ina zargin hantsakin."

Na ajiye abin da ke hannuna. "Wane hantsakin? Wanda maganaɗisu ba ya kamawa? Ai ke da kanki kika gwada."

"Jikinsa ba ya kamawa. Amma irin wannan ƙarfen, idan aka goge shi da ƙarfi a kan abin da ya fi shi tauri, ƙurar da ta fita tana canja hali. Ita tana kamawa. Dutsen nan ya fi shi tauri, Auta. Duk sanda na matse gefensa, ƙila ina bar masa ƙura."

"To dutsen tsirara da kika auna fa?"

"Sau ɗaya na taɓa shi, daga akwati zuwa bututu. Ina zai sami ƙura?"

Sai na faɗi abin da kowane ƙane mai hankali zai faɗa. "Yaya, an riga an buga, an tafa. Tsohon nan da wannan labarin yake tashi kullum. A bar kaza cikin gashinta mana."

Ta dube ni sama da ƙasa. "Kazar tawa ce. Ni zan fige ta kafin wani ya fige mini."

Ranar hutu da safe na je. Na zube makullaina a kwando. Ta ba ni safar hannu, da guntayen farin dutse guda shida sababbi fil waɗanda ba a shimfiɗa musu komai ba, kowanne da ɗan akwatinsa mai lamba. Ta ajiye hantsakin Baba da na roba a gabana. Ta ce uku in kama su da wannan, uku da wancan, in matse, in juya, in ajiye, in sake ɗauka, yadda take yi wa samfurin da take so. Kada in gaya mata wanne ne wanne, don idan ta sani idonta zai ga abin da zuciyarta take so.

"In rubuta?"

"Kai da ka haddace lambar wayar rabin unguwa? Riƙe a ka."

Ta fita ta ja ƙofa. Wannan shi ne karon farko da na riƙe hantsakin nan tun ina yaro. Wallahi yana da daɗin riƙo, ba nauyi, ba sauƙi, bakinsa yana haɗuwa ba tare da ka roƙe shi ba. Na matse gefen dutsen na ji ɗan ƙaramin ƙaiƙayi ya bi yatsana, irin wanda kake ji idan ƙarfe ya hau gilashi. Tun a lokacin na san akwai magana. Na yi aikin dai yadda ta ce, ban rage ba.

Awon yana da cin rai. Ta zura bututu, inji ya yi ta huci, allo ya riƙa ɗiga ɗigo ɗaya-ɗaya. Na farko ya ba da layi miƙaƙƙe. Na biyu, tun ɗigon bai kai tsakiya ba na ga layin ya karya kwana, ya je ya dawo ta wata hanya. Madauki. A kan dutsen da babu tsatsa ko ƙwaya ɗaya. Yaya ta cire ta sa na gaba. Mun fita mun sha shayi a tsaye, mun dawo. Kafin rana ta karkata ta gama, ta raba akwatunan gida biyu a kan teburi, uku nan, uku can.

Ta ɗora yatsa a kan na dama. "Waɗannan suna da madauki, irin nawa sak, har girman. Faɗi."

Ni kaɗai na san amsar a duniya. Da na ce a'a, a gauraye suke, akwai na roba a ciki, da zargin ya tashi daga kan hantsakin, ko ba komai ta sami wata ƙofar ta bi, tsohonmu ya ci gaba da labarinsa. Na dubi fuskarta. Babu tsoro a ciki, kallon da take yi wa mai katifa ne. Tausayinta ya kama ni har na ji haushinta.

Na ce, "Na Baba ne. Duka ukun."

Ta gyaɗa kai. Ta zauna a kan kujera mai juyawa, ta ɗora hannu biyu a gwiwa. Hawaye ya zubo mata, ta bar shi ya zubo, ba ta juya fuska ba. Can ta share da bayan hannu ta ce, "Amma ka ga injina? Ƙurar da ko madubi ba ya gani, ya ji ta." Ikon Allah, mace ana rushe mata gini tana yabon gatari.

Abin da ya biyo baya ta yi shi a fili. Ta kira abokiyar aikin nan ta ce mata, ke ce da gaskiya, ga dalili. Ta janye sakamakon da kanta. Da taro ya zagayo ta hau mumbari a gaban mutanen da suka tafa mata, ta nuna hoton hantsakin a ƙaton allo, ta nuna madaukin dutsen tsirara, ta ce duk mai auna ƙaramin abu a kan dutse mai tauri ya je ya duba aljihunsa. An ce wasu sun yi dariya, wasu kuma sun sunkuyar da kai suna duba nasu hotunan. Aikinta na cikin sanyi bai girgiza ba, don a can muryar tsatsar tana da ƙarfin da ƙura ba ta isa ta shiga ba. Riƙon nan gaskiya ne, zafin ɗakin ne bai samu ba tukuna. Ta koma tukunyarta da cokalin jarirai a hannu tana tsaki.

Saura Baba. Wannan ta fi jin tsoronsa a kan taro, ta gaya mini da bakinta. Ta ce in raka ta. Muka same shi a tsakar gida da hantsi, a kujerarsa, rediyo a cinya. Ta durƙusa inda ta durƙusa a wancan karon, ta warware kyallen, ta sa masa hantsakin a hannu. Ta yi masa bayani ba kwana-kwana: abin da ta ce ta gano babu shi, ƙurar bakin hantsakin ce injin yake ji.

Ya kashe rediyon. Ya bi jikin hantsakin da babban yatsa har zuwa baki, ya tsaya a nan yana shafawa, ya haɗa bakin ya buɗe kusa da kunnensa.

"An ci bakin," ya ce.

"Ni na ci shi, Baba. A kan duwatsuna ya ƙare."

Ya ce, "Ke nan ni na ɓata miki aiki, Uwata. Na ba ki abu na ce ba ya kamawa. Ga shi na bi gari ina ta faɗa."

Ban taɓa jin muryarsa ta yi ƙanƙanta haka ba. Na juya ina kallon bango, don idona ya cika.

Yaya ta riƙe hannun nasa da hantsakin a ciki. Da babbar muryar nan tata ta ce, "Ba ya kamawa, gaskiya ka faɗa, har gobe ba ya kamawa. Laifin a wurina yake, kuma ba na hantsaki ba ne. Agogo ya yi mini daidai farat ɗaya, Baba, na miƙa shi ban rataye ba."

Ya ɗaga kai wajen muryarta. "Ba ki rataye ba?"

"Ban rataye ba. Murna ta ɗauke ni."

"To wa ya dawo miki da shi?"

"Ni na bi shi har gida na karɓo."

Sai na ga girar nan ta ɗaga, irin ɗagawar da yake yi idan hantsaki ya zame daga mayen ƙarfe. Ya ce, "A gaban mutane?" Ta ce a gaban mutane. Ya ce, "To wannan zan riƙa faɗa." Ya juyo wajena ya ce in ɗauko masa dutsen washi a cikin tsohon akwatinsa.

Na kawo. Ya ɗora bakin hantsakin a kai, ya laluba, ya kasa samun kusurwar. Yaya ta miƙa hannu za ta karɓa, ya janye.

"Ke kin ci rabonki. Auta, zo ka gyara bakin abinka."

Na zauna a ƙasa a gabansu, na kafa ƙaramin yatsa, na riƙe numfashi. Ina wasawa a hankali, wata 'yar baƙar ƙura tana taruwa a kan dutsen. Yaya ta leƙo ta kafaɗata tana kallonta, ta ce in na gama kada in hure, in tattara mata a takarda, tana so ta auna.